Maraɗi: daga takardar siminti zuwa tiren buki

Ranar juma'a, tun kafin rana ta yi ƙarfi, babbar kasuwar Maraɗi takan karɓi wasu masu sayayya waɗanda ba cefanen kullum ya kawo su ba. Ana gane su tun daga nesa: mata biyu ko uku, babbar tana gaba da jaka a hammata, ƙaramar tana baya riƙe da takardar lissafi, ga yaro mai baro yana biye da su. Ba sa tsayawa wurin kuɓewa da daddawa. Gidansu akwai suna gobe ko jibi, kuma suna ba ya jiran kowa. Ana iya ɗage ɗaurin aure har albashi ya fito ko kaya su iso daga Kwatano, amma ranar da aka haihu ita ce za ta zagayo a raɗa suna, ko akwai ko babu. Kwana shida ke nan gida yake da su, mai jego tana ɗaki, uwarta tana fama da ruwan wanka da kunun kanwa, baƙi kuma sun fara sauka daga Tasawa da Katsina. A cikin wannan ƙuncin lokaci ne kasuwa take zama madafa.

Maraɗi gari ne da ya saba da saye. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 ne suka mayar da shi mazauninsu a bakin gulbi, kuma da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin, sai aka hau tudu aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun hanyoyi. Gyaɗa ce ta fara yi wa alhazan garin arziki, daga baya fataucin kan iyaka ya karɓe ta. Daga nan zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar kilomita 90 ce ko kusa da haka, alhali Yamai tana can nesa fiye da kilomita 600. Saboda haka abin da aka sarrafa a Kano ko a Jos yakan riga na babban birnin ƙasa isowa, kuma mutumin Maraɗi ba ya ganin sayen abu a matsayin kasawa. Duk da haka akwai wuri ɗaya da saye yake zama abin ɓoyo, shi ne abincin da za a ajiye gaban baƙo.

Ba kowane abinci ba. Matan nan sukan fara da rumfar ƴan goro, kuma babu mai tsammanin goron buki ya fito daga bayan ɗakin maigida. Kowa ya san daga kurmi yake zuwa, daga Gana, da Kodebuwa, da kudancin Nijeriya, a naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa har ya iso. Da ƙwarya ake ƙirga shi, ƙwarya ɗaya goro 100, kuma babbar cikin matan takan sa a zube mata shi ta duba ɗaya bayan ɗaya, domin goro guda mai tsutsa a hannun suruki ya isa ya ɓata ƙwarya goma. Dabino ma haka yake, ko busasshe na Kawar da Jado, ko mai taushi da manyan motoci suke saukowa da shi daga Aljeriya ta Agadas. Waɗannan biyu su ne abincin safiyar suna, lokacin da maza suke zaune kan tabarmi bayan sallar asuba suna jiran liman ya yi fatiha maroƙi ya ɗaga murya da sunan jariri. Adonsu ɗan kaɗan ne, amma ba a wasa da shi: a wanke goron a tsane shi, a haɗa fari da ja yadda ido zai ga duka biyun, a goge dabinon da tsumma mai laima don ƙurar hanya ta fita, a rufe da faifai sabo.

Daga nan sai wurin mahauta. Kilishi ma tun asali sana'ar maza ce, ba aikin ɗakin girki ba. Mahauci yakan feɗe tsoka ya shimfiɗa ta siririya kamar takarda, ya shanya a rana bisa gadon kara, ya tsoma a cikin labu na tunkuza da albasa da kayan yaji, ya sake shanyawa, sa'an nan ya kara a wuta. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, gishiri da mai da ɗan yaji kawai ake shafa masa. Na Madawa da na Tasawa sun yi suna a kan babbar hanyar ƙasa, kuma kilishin Nijar yana da rajistarsa a hukumar OAPI mai kare sunayen kayan ƙasashen Afirka, kamar yadda albasar Galmi take da tata. Sai dai duk wannan daraja a cikin me ake miƙo shi? A cikin takardar buhun siminti, wadda mai yake ratsawa tun kafin a kai gida. Wannan takarda ita ce abu na farko da za a raba shi da ita.

Aikin yakan fara bayan sallar isha'i, a tsakar gida, ƙarƙashin fitila ɗaya, ko hasken wayar hannu idan kuran ya ɗauke. Ƙawayen mai jego da ƙannen maigida mata su ne ma'aikatan, wata gwaggo kuma tana zaune kan kujera ƴar tsuguno tana ba da umurni ba tare da ta taɓa kome ba. Kilishin da ya zo falle-falle ba a karya shi da hannu, don zai rugurguje. Da almakashi ake yanka shi daidai tafin hannun yaro, a jera ja da fari bi da bi a zagaye tire kamar ɓawon kifi, a bar tsakiya don tulin yaji. Albasar Galmi, mai launin shuɗi-shuɗi da ja, sai da safe ake yanka ta zobe-zobe a watsa a kai, domin idan ta kwana a kan kilishi takan sa shi ya yi laushi. Cukun Dakwaro ko na ƙasar Tawa, wanda har yanzu zanen tabarmar da aka shanya shi a kai yake jikinsa, ana ɓalla shi gida huɗu a jingina a gefen faranti, kusa da inda za a dafa shayi. Dakuwar aya da kantun riɗi, waɗanda ƙasar Maraɗi ce take noma abin yinsu, a Gazawa da Agye da kewaye, sukan samu ƙananan kwanoni nasu.

Har zuwa nan babu abin ɓoyewa. Gyara ne kawai, irin wanda ake yi wa amarya.

Ɓoyon yana farawa ne da abubuwan da al'ada ta ce hannun matar gida ne ya kamata ya yi su: alkaki, da nakiya, da dubulan, da cincin, da masa, da dambun zogale, da ruwan zoɓo. A da, mako guda kafin buki ana jin turame suna amsa juna a unguwa, kuma gidan da ya fi yawan mata shi ya fi yawan gara. Yau matar da ta haihu wataƙila malamar lekol ce, ƙawarta ungozoma ce a asibiti, ƙanwar mijinta tana biro har ƙarfe biyar, itace ya yi tsada, gidan kuma na haya ne mai ɗaki biyu wanda ko wurin kafa murhu uku babu. Alkaki kuwa ba abin gaggawa ba ne. Sai an ɓarza alkama, an kwaɓa, an bar ta ta kwana ta yi tsami, an murza an naɗe ɗaya-ɗaya, an soya, sa'an nan an tsoma a zuma ko a ruwan sukari. Wadda ba ta saba ba za ta ɓata tiya biyu kafin ta samu guda goma masu kyau. Don haka sai a aika. Mai hali yakan yi saƙo tun daga Damagaram, inda alkaki ya zama abin tsaraba. Saura sukan nufi wani gida a Bagalam, ko Mokoyo, ko Limanci, inda wata dattijuwa da ba ta fita ko ƙofar gida ta shekara talatin tana wannan sana'a.

Abin lura a nan shi ne, wannan alkaki na saye shi ma na gida ne, gidan ne kawai ba naka ba. Amma ba a shigo da shi da rana tsaka. Yarinya takan kawo shi da magariba cikin bokiti mai murfi, a wuce da shi ɗaki kai tsaye. Can za a juye shi, a ɗumama zuma kaɗan a sake zuba masa don ya yi ƙyalli kamar yanzu aka tsamo shi, a gina shi hawa-hawa a cikin langar uwar mai jego, wadda duk dangi suka sani tun suna yara. Masa takan bar kwanon mai talla ta koma akushi. Zoɓon da aka sayo ƙulle a leda ko a tsofaffin gorunan roba ana farke shi a zuba a babban jug na gilashi, a jefa ganyen na'ana'a da ƙanƙara. Zabbin da mai gashi na bakin gudurun ya gasa sukan kwanta a kan ganyen salatin Jiratawa, a kewaye su da tumatir da kokwamba, a ɗan yayyafa man gyaɗa. Bokitin da ledojin kuwa a tura su ƙarƙashin gado.

Shin ana yaudarar wani? Da wuya. Matan Maraɗi suna gane hannu a abinci kamar yadda malamai suke gane rubutu a allo. Suruka takan gutsuri alkaki sau ɗaya ta san daga wace unguwa ya fito, har ta san ko dattijuwar ce da kanta ta murza ko jikarta. Amma za ta juya ta ce wa matar gida sannu da aiki, ita kuma ta sunkuyar da kai ta amsa, magana ta ƙare a nan. Abin da ake yabawa ba suyar ba ce. Ana yaba cewa an ɗauki baƙo da nauyin da har aka raba abincinsa da kamannin kasuwa, ba a miƙo masa shi yadda ake miƙa wa matafiyi a tasha ba. Wadda za a yi gulmarta a hanyar komawa gida ita ce wadda ta ajiye masa a cikin kwanon mai talla, da cokalin mai talla a ciki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma a gidan buki har tabarmar ana dubawa.

Kwanonin da ake juye abincin a ciki su ma suna da tarihinsu, kuma wanda ya leƙa ɗakin wata tsohuwa a Ɗan Gulbi zai gan shi a jere a bango. Can ƙasa akwai akushi baƙi na itace, da ƙwarya mai zane, da tasar tagulla. Bisa su akwai kwanonin fenti masu furanni ja da shuɗi, waɗanda aka fara shigowa da su daga Turai da Hankwan kafin masana'antun Nijeriya su kama yin su, suka cika ɗakunan amare na ƙasar Hausa duka. Daga baya tangaran ya zo, da tire na silba mai hannu biyu wanda alhazai suke dawowa da shi daga Makka, sa'an nan kuloli masu riƙe zafi na ƙasar Sin da Indiya, saiti-saiti, babba da ƙanana. Kowane zamani da abin da yake ɗauka: tuwo da masa ba su ƙi akushi ba har gobe, alkaki ya fi kyau a langa, shinkafa da maka sun koma kula. Babu gidan da yake da isassun kwanonin da za su ɗauki buki guda, sai an yi aro a maƙwabta. Shi ya sa idan aka kifa kowane tire a Maraɗi za a ga alama a gindinsa, ɗigon jan farce ko harafi da fenti, don ya san hanyar gida.

Akwai wata ƙa'ida ta da wadda ta fi kowane ado ƙarfi, ita ce rufi. A tsarin iyaye, abincin girma a rufe yake tafiya. Yarinya takan ɗauko kwano da faifai a kai, ta durƙusa ta ajiye ta tashi, baƙo kuma ba ya buɗewa sai ta ba da baya. Babu wanda ya san ko naman da ke ciki yanka uku ne ko goma, sai mai ci. Wannan rufi yana kare abinci daga ƙuda da ƙurar hunturu, amma babban aikinsa shi ne rufin asiri: mai ƙaramin ƙarfi da attajiri faifai iri ɗaya suke ɗorawa. Teburin liyafa, wanda ya shigo ta hannun ma'aikatan gwamnati da shagulgulan ƙarin girma da na ritaya, ya juya wannan tsari gaba ɗaya. A kan tebur kome a buɗe yake, an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera abinci don ido ya ƙirga tun kafin hannu ya kai. Ragon mishiwi da aka yi oda wurin mai gashi yana tsakiya, cikinsa cike da kuskus, ga burodi an yanka shi a karkace an shafa sardin da mayonez, ga kwalabe sahu-sahu. A nan ƙarami ba shi da inda zai ɓuya. Idan kaji shida ne, shida kowa zai gani.

Da yawa daga dabarun jeren da ake gani yau an ƙirƙiro su ne don amsa wannan tonon asiri. Tire ƙarami da ya cika ya tumbatsa ya fi babba mai rabi, don haka mai hankali takan ari ƙanana da yawa. Ana kifa ɗan kwano a tsakiyar faranti a rufe shi da ganyen salati, a ɗora nama a kai, sai tulin ya yi tsawo. Ba a fito da kome gaba ɗaya. Ana riƙe kashi ɗaya cikin uku a ɗaki don manyan baƙin da sukan makara, domin babu abin kunya kamar shugaban sarwisin maigida ya iso ya tarar da ƙashi da albasa. Ana kuma raba tire tun da dare bisa ga masu ci: na malamai da dattawa, na surukai, na abokan aikin maigida, na ƙawaye, na maroƙa, da babban kwano na almajirai wanda ba a mantawa da shi. Gwaggon nan da ke kan kujera wannan lissafi ne aikinta, kuma ta san wanda za a ba cinya da wanda fiffike ya ishe shi.

Amma akwai kaya iri na uku a cikin baron yaron nan, waɗanda aka sayo a kanti, kuma dokarsu ta saɓa wa duk abin da aka faɗa. Su ba a tuɓe su. Lemun kwalba ba a juye shi a jug. A kwalbarsa ake ajiye shi, a juyo tambarin ya fuskanci baƙo, ko Coca-Cola ne, ko Fanta, ko Maltina da aka tsallako da ita daga Jibiya. Biskit mai shuɗin gwangwani a gwangwaninsa yake zama, murfin a jingine a gefe don a karanta. Ruwan ƴaƴan itace na kwali, da cakulan mai takardar zinariya, da dabino mai akwati da rubutun larabci, duk da rigunansu suke hawa tebur. Har akwai bambanci a tsakaninsu: biskit ɗin Nasco na Jos akan zube shi a faranti, wanda ya ƙetaro teku kuwa a bar shi a kwalinsa. Wato abin da aka yi a Mokoyo ana ɓoye asalinsa don a ce na gida ne, abin da aka yi a ƙasar waje kuma ana tallar asalinsa don a san an kashe kuɗi.

A nan ne al'adar take da aibi, kuma ƴan kasuwa ya kamata su fi kowa ganinsa. Masana'antar da ke can nesa, wadda ba ta san da Maraɗi ba, tana samun talla kyauta a gaban mutum ɗari biyu a kowane buki. Dattijuwar alkaki, wadda da wannan sana'a take ciyar da marayu ta kuma yi wa jikokinta kayan ɗaki, sunanta ba ya fitowa daga ƙarƙashin gado. Idan aikinta ya yi kyau, yabon na matar gida ne. Idan ya yi tauri, a nan ne kaɗai za a tuna da ita, a ce ai saye aka yi. Ba ta iya ƙara kuɗi don suna, domin sunan a raɗe yake yawo daga kunne zuwa kunne. Mahaucin kilishi ya fi ta sa'a, tun da shi ana iya cewa na wane ne a fili, har maigida ya yi alfahari da cewa tun daga Madawa ya sa aka kawo. Abin da ya raba su bai wuce wannan ba: aikinsa ba a taɓa ɗora wa matar gida shi ba, nata kuwa an ɗora.

Ƴan matan da suka shigo sana'ar a shekarun nan ba su yarda da wannan shiru ba. Masu yin gato da cincin da samosa suna liƙa takarda mai sunan sana'arsu da lambar waya a kan kowane kwali, suna ɗaukar hoton tiren da suka jera su watsa a WhatsApp, kuma sukan karɓi aikin buki gaba ɗaya, da abincin da jeren da kwanonin. Matan ma'aikata da yawa sun daina ɓoyewa, har sukan faɗi wadda ta yi musu. Sai dai wannan sauyi ya tsaya ga masu waya da boko. Bai kai ga gidajen tsohon gari ba, inda gwanintar ta fi zurfi.

Shekarun tsanani sun sha gwada wannan tebur. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, a daidai lokacin da ma'aikata suke bin gwamnati albashin watanni. Duk abin da yake zuwa a gwangwani ko a kwali daga Turai ya yi tsalle, kuma a bukukuwan shekarun nan ne zoɓo da ruwan citta da na tsamiya suka hau teburin manya, a cikin jug, ba tare da kowa ya ji kunya ba. Haka aka sake gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da takunkumi ya toshe hanyar Katsina har zuwa Maris na 2024, hanyar Kwatano ma ta tsaya. A kowane karo kayan kanti ne suka fara ɓacewa daga tire, kilishi da alkaki da dakuwa suka riƙe mutuncin gida. Da hanya ta buɗe kuma sai a sake tura su gefe, kwalaye su dawo tsakiya.

Ba kuwa don kuɗi sun yi yawa ba. Buki a ƙasar Maraɗi bashi ne mai zagayawa: abin da ƙawa ta kawo miki yau a rubuce yake, ranar nata za ki mayar da ƙari. Bafaranshen nan mai bincike Guy Nicolas ya yi littafi guda a kan wannan musayar kyauta a ƙasar Maraɗi, wanda ya fito a 1986, kuma abin da ya gani bai gushe ba. Teburin da aka jera shi ma yana shiga lissafin. Wadda ta sha lemun kwalba a sunan ɗan ƙawarta ba ta iya ba da zoɓo a nata ba tare da an lura ba. Ta haka ne ƙaramin ma'aikaci yake wayar gari da bashin kanti wanda zai bi shi har yaron ya fara rarrafe, don kwalaben da aka shanye cikin rabin sa'a. Kayan aro ba ya rufe katara, amma mai kanti ya san ba a ƙin ba mai suna bashi, kuma ya san ranar da ake biyan albashi.

Sabon abin da yake neman share duka tsarin biyu, na faifai da na tebur, shi ne ƙunshi. A manyan bukukuwa yanzu akan ba kowane baƙo ɗan kwanon roba mai murfi, ko leda ɗaure da shinkafa da yankan nama da kwalba guda, ya ɗauka ya tafi. Masu yi suna da hujja: babu wawaso, babu wanda zai ce bai samu ba, babu wankin kwano, kuma ana iya ƙirga baƙi daidai da kuɗi. Goro da dabino na safiya ma sun shiga ƴan ledoji, biyu-biyu da alewa ɗaya. Ƙasar nan tana da doka tun 2014 da ta hana shigowa da irin wannan leda mai laushi da sayar da ita, amma wanda ya bi ta ƙofar gidan buki washegari zai ga inda iska ta kai su, a kan ƙaya da cikin magudanar ruwa, awaki suna kiwo a tsakani. Dattawa ba su cika son ƙunshi ba. Sukan ce abincin da aka ba ka a hannu ka tafi da shi sallama ce, ba tarba ba. Saboda haka ko a gidan da aka yi ƙunshi ɗari uku, akan ware tire biyu ko uku na gaske, masu murfi, a shigar da su zaure wurin waɗanda ba a yi wa haka.

Da la'asar ɗin ranar suna, bayan mata sun watse, masu rumfar haya sun zo kwance tamfol suna ƙirga kujeru, tsakar gidan takan koma wurin wanke-wanke. Ana kifa kowane tire a duba gindinsa: mai ɗigo ja biyu na gidan liman ne, mai harafin fenti na matar jandarma ce da ke bayan layi. Ba a mayar da kwanon aro fanko, don haka a kowanne akan saka alkaki uku ko huɗu da ɗan kilishi, a rufe, a ɗora wa yara a kai su rarraba kafin magariba. Kwalaben da ba kowa a cikinsu ana haɗa su a akwatinsu don mai kanti yana jira. Shuɗin gwangwanin biskit gwaggo ce take ɗauke shi, za ta zuba allura da zare. Takardar simintin nan da ta sha mai, da ita ake hura wutar ruwan wankan mai jego. Bokitin dattijuwar alkaki kuma akan jawo shi daga ƙarƙashin gado a wanke, a sa ragowar kuɗinta a ciki tare da goro biyar, yarinyar da ta kawo shi ta mayar bayan duhu ya fara.